Ciwon Hanta Mai Bin Jini: Jan Kunne Ga Majinyaci Da Mai Jinyarsa

Ya 'yan'uwa malamai, da ku fatake da 'yan kasuwa masu biɗar wannan fili, ku sani akwai wata cuta ta hanta wadda sau da yawa a ɗakin magani a ke gamuwa da ita, watau a wurin da mutum ya tafi neman sauƙi. Likitoci suna kiranta ciwon hanta nau'in C, da harafin boko. Na ga ya kamata a yi bayaninta a nan domin ku ne a ke tasa da tsakar dare in wani ya kwanta asibiti. Malami a ce ya zo ya yi addu'a, attajiri a ce ya kawo kuɗin jini, sa'an nan a zaɓi wata dattijuwa ko wani saurayi daga cikin gida a ce shi zai zauna jinya. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai abin da ya wajaba ya sani.

Abin da mu ke kira shawara, watau ido ya yi ɗorawa fitsari ya yi ja, alama ce kurum, cututtuka da dama su kan kawo ta. Cikin ƙwayoyin cuta masu kumbura hanta akwai masu shiga ta gurɓataccen ruwa da abinci, su ne A da E, galibi su kan yi kwanakinsu su wuce. Akwai kuma masu shiga ta jini, su ne B da C. Ita B tana da allurar rigakafi. C ba ta da rigakafi har yau, amma tana da magani mai warkarwa sarai, wanda za mu zo kansa.

Halin C shi ne ɓuya. Mafi yawan waɗanda ta kama ba su jin kome, ba zazzaɓi, ba shawara. Kimanin mutum 30 cikin 100 jikinsu ya kan kore ta da kansa cikin wata 6. Sauran 70 kuwa sai ta zauna, tana cin hanta sannu sannu kamar yadda gara ke cin littafi a cikin gafaka, daga waje fata lafiya lau. Cikin shekara 20, tsakanin 15 da 30 cikin 100 na waɗannan hantarsu ta kan ƙandare. Daga nan sai ciki ya cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, a yi aman jini, wasu kuma abin ya juye ciwon daji. A lokacin ne dangi su kan ce jifa aka yi masa, alhali kuwa mai yiwuwa wata allura ce ko wata ledar jini ta shekara 20 da suka wuce, wadda kowa ya manta da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum kimanin miliyan 50 ke ɗauke da cutar a duniya, ta kashe wajen 242,000 a shekarar, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai 40 cikin 100 ba.

Tun asali ma a gadon asibiti aka gano ta. Wani likitan Amurka, Harvey Alter, ya riƙa bin sawun waɗanda aka yi wa aikin zuciya aka ƙara musu jini, ya tarar kusan mutum 1 cikin 3 ya kan kamu da ciwon hanta bayan an sallame shi. A 1970 asibitinsu ya daina karɓar jinin masu sayarwa, ya koma na masu bayarwa kyauta, ya kuma fara auna jinin don B. Nan take adadin ya faɗo zuwa kimanin 1 cikin 10. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi. Saura da suka rage ba A ba ce, ba B ba ce, haka aka yi ta kiranta ba suna har 1989, sa'ad da Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar. Sai daga wajen 1990 zuwa 1992 ƙasashe masu hali suka fara auna jinin da za a ƙara wa mutane dominta. A 2020 aka ba Alter da Houghton da Charles Rice kyautar Nobel saboda wannan aiki.

Amma ƙasar da ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta ita ce Masar, wadda yaranmu su ke zuwa karatu a Azhar, attajiranmu kuma su ke kai marasa lafiyarsu Alƙahira. Manoman bakin Kogin Nilu sun daɗe da tsargiya, gama a cikin ruwan magudanan ban-ruwa su ke yini. Daga shekarun 1950 har zuwa farkon shekarun 1980 gwamnati ta ɗaura yaƙi da tsargiya. A kan tara mutanen ƙauye, manya da yara, a jera su, a yi ta ɗura musu wani tsohon magani ta jijiya, kowane mutum allura goma sha wani abu cikin 'yan makonni. Sirinjin na gilashi ne, ba na yarwa ba. Jama'a ta yi yawa, ma'aikata kaɗan, babu sukunin dafa allura yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum. Niyyar ta alheri ce, tsargiyar ma ta ragu, kuma a wancan zamani babu wanda ya san da wata ƙwaya mai suna C. Da aka yi ƙidaya ta ƙasa a 2008, sai aka tarar kusan mutum 15 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59 cutar ta taɓa shiga jikinsu, kusan 10 cikin 100 kuwa tana nan da ranta a jininsu. Babu ƙasar da ta kai haka. Irin wannan ta faru kusa da mu, a kudancin Kamaru, inda aka sami cutar da yawa a jikin tsofaffi, masu bincike kuma suka danganta ta da allurar jijiya da aka riƙa yi wa jama'a a zamanin Turawa. Ko Ingila ba ta tsira ba. Rahoton binciken da aka fitar a watan Mayu na 2024 ya nuna mutum fiye da 30,000 sun kamu da wannan cuta ko ƙanjamau ta jini da magungunan da aka sarrafa daga jini, tsakanin shekarun 1970 da farkon 1990, kimanin 3,000 sun mutu.

To, a nan gida fa? Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ta nuna kimanin mutum 1 cikin 100 na manya yana da C, 8 cikin 100 suna da B. Wani zai ce ai 1 cikin 100 ba shi da yawa. Gaskiya ne ga mai lafiya da ke rumfarsa a kasuwa. Amma rabon ba daidai aka yi shi ba. Wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba, da wanda a ke huda jijiyarsa kowane mako, ba su zama ɗaya ba.

Na farko su ne masu amosanin jini, waɗanda a ke kira 'yan sikila. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansu. Yaro ɗaya a kan ƙara masa jini sau da dama kafin ya balaga, kowace leda daga jikin wani mutum dabam. Haka masu ciwon daji, da matan da suka zubar da jini wurin haihuwa, da waɗanda suka yi haɗarin mota. Ƙa'idar hukuma ita ce kada a ɗaura wa kowa jini sai an auna shi don abu huɗu: ƙanjamau, da B, da C, da tunjere. Manyan asibitoci suna yin haka. Inda matsala ta ke shi ne sa'ad da aka ce wa dangi da ƙarfe biyun dare su kawo leda biyu, babu ajiya, na gida kuma kowa ya noƙe, wannan ya ce yana da jiri, wancan ya ce gobe zai yi tafiya. Sai a fita bakin ƙofa a yi ciniki da mai sayar da jini. Shi kuwa wanda ya mai da jininsa haja ba zai gaya maka an taɓa koro shi a wani wuri ba, kamar yadda mai sayar da doki ba shi fara faɗin aibinsa. Abin da Alter ya gani ke nan tun 1970.

Akwai kuma wata dabara ta cutar wadda ko awon bai cika kamawa ba. Awon gaggawa da a ke yi da ɗan tsinke ba ƙwayar ya ke gani ba, martanin da jiki ya mayar mata ya ke gani, shi kuwa martanin ya kan ɗauki kamar wata 2 zuwa 3 kafin ya bayyana. Wanda ya kamu makon jiya, awo zai ce lafiyarsa lau, jininsa kuwa yana ɗauke da ita. Saboda haka jinin ɗan'uwa ko almajiri wanda aka san zamansa, aka kuma auna, ya fi na baƙon bakin ƙofa nesa ba kusa ba. Ni a ganina malamin da ya tashi bayan sallar Juma'a ya sa majiya ƙarfi goma su je su ba da jini a ajiye, ya yi wa unguwarsa aikin da ya fi tara kuɗi bayan an shiga uku.

Na biyu, kuma su suka fi shiga haɗari, masu wankin ƙoda. Ciwon ƙoda ya yi yawa a wasu sassanmu, mutanen Gashuwa da Haɗeja sun san wannan. Mai wankin ƙoda a kan fitar da jininsa ya bi ta inji ya komo, sau 2 ko 3 a mako in da hali, kowane zama kamar sa'a 4, a ɗaki ɗaya da wasu masu irin lalurarsa. Mutane suna zaton cikin injin ne cutar ke laɓewa. Galibi ba nan ba ne. Ɗigon jini ne a kan madannin injin, ko a hannun kujera, ko safar hannun da ma'aikaci ya taɓa wannan da ita ya wuce ga wancan bai sake ba, ko kwalbar maganin hana jini daskarewa wadda a ke zuƙa daga cikinta a yi wa mutum da yawa. An gwada a ɗakin bincike an ga ƙwayar ta kan rayu cikin busasshen jini har mako 6. Don haka ƙa'idar da likitocin ƙoda suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a auna majinyaci ran da ya fara wanki, kāna a sake kowane wata 6. Wanda ya ke biyan kuɗin wankin yana da haƙƙin ya tambaya yaushe aka auna, ya kuma ga takardar. In kuɗi ya sa ana yawo da majinyaci daga wannan cibiya zuwa waccan, ko an kai shi Masar ko Indiya an komo, sai a ƙara awon. Tambaya da ladabi ba raini ba ce, ma'aikacin kirki ma ya kan yi murna da ita.

Yanzu sai maganar mai jinya, wadda ita ce ta fi damuna, gama shi ba a rubuta sunansa a kati ba, ba kuma wanda ya koya masa kome. A asibitocinmu ma'aikata ba su wadata ba, rabin aikin ɗan'uwa ne ke yi. Shi ke shimfiɗa tabarma a gindin gado. Shi ke danne auduga a inda aka zare allura, shi ke kwashe tasar aman jini, shi ke wanke zanen da ya ɓaci, ya yanke wa majinyaci farce, ya yi masa aski. Uwar ɗan sikila ta kan yi shekara 20 a kan wannan, da hannu tsirara, hannun da wanki da hunturu suka farfasa.

A nan mutane sun kasu biyu, duka kuwa sun kauce. Kashi na farko da sun ji an ce ciwon hanta sai su ware wa majinyaci kwano da moɗa da buta, su daina musafaha da shi, matarsa ta ƙaura ɗaki. Wannan zalunci ne ba bisa ilmi ba. C ba ta bin numfashi, ba ta bin gumi, ba ta bin tuwo ko fura. A ci da shi a akushi ɗaya, a sha a moɗa ɗaya, a yi sahu kafaɗa da kafaɗa, babu kome. Sauro ba shi ɗaukarta. Tsakanin miji da mata ma wuya ne ta wuce ta wajen kwanciya, ko da ya ke ya kyautu a auna su duka biyu. Mai ciki ta kan ba jariri a kimanin haihuwa 6 cikin 100, amma nono ba shi ɗauke da ita, sai dai in kan nonon ya tsage yana jini, a dakata har ya warke.

Kashi na biyu su ne masu cewa ai jinin ɗana ne, me zai yi mini? Ga waɗannan zan yi magana da harshen da malamai suka sani. A fiƙihunmu na Malikiyya an yi rangwame ga jinin da bai wuce faɗin dirhami ba, mutum ya yi salla da shi a tufa, sallarsa ta inganta. Wannan hukuncin salla ne, yana nan daram. Amma ƙwayar cuta ba ta san dirhami ba. Abin da ya maƙale a bakin reza, wanda ido ma ba shi gani, ya ishe ta hanya in ya sami kafa a fata. Tsarki na ibada dabam, tsabta ta likita dabam, mai jinya yana bukatar duka biyun.

Abin da zai yi ba mai tsada ba ne. Ya ajiye kwalin safar hannu ta roba kusa da gado, ya sa in zai taɓa jini ko miki, ya yar bayan ya gama, ya wanke hannu da sabulu. In yana da yanka ko faso a hannu ya rufe da filasta. Inda jini ya zuba a goge da ruwan bilic, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, zanen da ya ɓaci a jiƙa shi a ciki kafin a wanke. Reza da abin yankan farce da buroshi da asuwaki na majinyaci su zama nasa shi kaɗai. Mai ciwon sukari kada a ara masa tsinken huda yatsa, kada shi ma ya arar. Allura kuwa kada mai jinya ya ce zai mayar mata da murfi, nan ne aka fi sokewa, a jefa ta cikin kwalin da aka tanada ko galan mai kauri. In aka kira mai kemis ya zo gida ya yi allura ko ƙarin ruwa, a ɓare sabuwar sirinji a gaban idonka. Masu wankan gawa, mu ne kuwa galibi, wannan ya shafe mu: wanda ya rasu da aman jini ko da ramin allura a jiki, a sa safar hannu biyu, ba ta rage kome daga wankan ba.

Bari in ratsa kaɗan zuwa tsangaya. Reza ɗaya ta kan fiƙe alƙalami, ta yanke farcen almajiri goma, ta kuma yi aski ran Alhamis. Haka askar wanzami wurin kaciya da ƙaho da tsaga. Kuɗin reza sabuwa bai kai na ƙosai ba.

In tsautsayi ya sa allurar majinyaci ta soki mai jinya, kada ya tsotsa, kada ya sa toka ko kananzir. Ya wanke da ruwa da sabulu, ya gaya wa likita nan take. Kada kuma hankalinsa ya tashi ainun, gama ƙidayar da aka daɗe ana aiki da ita ta ce kusan mutum 2 cikin 100 ke kamuwa da C ta wannan hanya, bincike na baya ma ya ce bai kai 1 ba. B ta fi ta saurin kamu ƙwarai, tana iya kai wa 30 cikin 100 ga wanda ba shi da rigakafi, shi ya sa duk mai doguwar jinya ya kamata ya karɓi allurar B guda 3. Dalilin gaggawa shi ne ƙanjamau tana da maganin tarewa wanda dole a fara kafin sa'a 72. Ita C babu na tarewa, sai dai a auna a ranar, a sake bayan mako 3 zuwa 6, kāna bayan wata 4 zuwa 6.

Awon kansa hawa biyu ne, rashin sanin haka ya sa mutane da dama kuka ba dalili. Na farko mai araha sawu ya ke nunawa, watau cutar ta taɓa ratsawa, sawun kuwa ba shi gogewa ko mutum ya warke. Na biyu, mai ƙidaya ƙwayar a cikin jini, shi ke faɗin ko tana nan. Ya fi tsada, ba kuma kowane gari a ke yinsa ba, amma kada a fara magani sai da shi.

Dā maganin allura ne na wata 6 ko shekara guda, mai wahalarwa, wanda bai warkar da fiye da kamar rabin masu karɓa ba. A ƙarshen 2013 aka fito da ƙwaya mai suna sofosbuvir a Amurka, guda ɗaya dala 1,000, cikakken magani dala 84,000. Masar ta yi ciniki a 2014 ta samu a kan kimanin dala 900, daga baya kamfanoninta suka riƙa yi da kansu har ya faɗo ƙasa da dala 100. Daga Oktoba 2018 zuwa Afrilu 2019 ta auna mutum kusan miliyan 50, wanda aka samu da cutar aka ba shi magani kyauta. A Oktoba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Masar ce ƙasa ta farko da ta kai babban matakin kawar da cutar. A Nijeriya, Jihar Nasarawa ta ƙaddamar da nata shirin a 2020.

Maganin yau ƙwaya ce da a ke sha kullum har mako 12, wani lokaci 24 in hanta ta riga ta ƙandare, tana warkar da fiye da mutum 95 cikin 100, har masu wankin ƙoda da 'yan sikila. Bayan an gama da mako 12 a sake awon ƙidaya, shi ne shaidar warkewa. Sai dai a auna B kafin a fara, gama in tana kwance ta kan farka sa'ad da a ke korar C. A bar jiƙe-jiƙen shawara na kasuwa a wannan lokaci, hantar da ta gaji ba ta ɗaukar ƙarin kaya. Ku kuma fatake masu sayo kaya daga waje, wannan magani ba a saye shi a kan tebur ko a hannun dillali don an ga araha, an sha kama na jabu. A karɓa ta hannun likita, a kuma tanadi kuɗin kwana 84 ɗin gaba ɗaya kafin a haɗiyi ƙwayar farko, domin yankewa a tsakiya ta kan ɓata aikin. Wanda ya warke kuma yana iya sake kamuwa, saboda haka mai wankin ƙoda zai ci gaba da awonsa na wata 6, da na ƙidaya wannan karon, tun da sawun farko ba zai goge ba.